Yadda Kawu Babba Ya Rabu da Jarkokinsa

Mahaifiyata tana da 'yan'uwa maza biyu, wa da ƙane, kuma a gabansu na tashi, domin bayan rasuwar mahaifina Mama ta kwashe mu ta koma gidan ubanta, a wani ƙauye da ke bayan Fadan Kagoma. Wan nata muna ce masa Kawu Babba, ƙanen kuma Kawu Ƙarami.

Kawu Ƙarami kurma ne, ba ya kuma magana. An ce wani zazzaɓi ne ya toshe masa kunne tun yana rarrafe. Bai shiga makaranta ba, bai yi aure ba, amma duk wani aiki mai nauyi na gidan a wuyansa yake. Shi ke huɗar citta, shi ke hawa kwakwa ya saro wadda ta nuna a yi manja, shi ke gyaran jinka kafin damina. Yana da 'yar gonarsa a gangaren bayan gida, rabonsa na gadon kakanmu, inda yake sa gwaza da acca. Da hannu muke hira da shi, da alamun da shi da Mama suka ƙago tun suna yara. Idan muna son ya juyo, sai mu zagaya ta gabansa ko mu dafa kafaɗarsa. Kawu Babba kuwa tsakuwa yake ɗauka ya jefe shi da ita. Haka na buɗe ido na gani, kuma ban taɓa jin wani babba ya ce a daina ba.

Ranar Lahadi Kawu Ƙarami ne ke fara isa majami'a. Wurinsa ɗaya ne, can gaba, gefen babbar gangar mawaƙa. Da an fara waƙa sai ya ɗora tafin hannunsa a jikin gangar ya lumshe ido. Iyakar abin da yake samu ke nan daga sujada, kuma ya ishe shi.

Kawu Babba dattijo ne a ikkilisiyar, mutum mai daɗin baki da tsabtar riga. Yana da shagon maganin gona a Kafanchan, na ciyawa da na ƙwari da na rumbu, manoman citta har daga Kachia suna zuwa wurinsa. Ana gab da shekarar da ciwo ya faɗa wa citta, ya je Kaduna ya kwaso kayan wani mutum da ke rufe sitonsa, mota guda, yawancinsu kwanansu ya riga ya ƙare. Da ciwon ya zo, ganye ya yi ɗorawa, citta ta riƙa ruɓewa a cikin ƙasa, manoma suka fesa duk abin da aka miƙa musu, ba su ga canji ba, suka daina saye. Kayan suka zauna masa. Ya kwaso su daga shago ya jibge a wani ɗaki a bayan gidanmu na ƙauye, bango ɗaya da ɗakin da Kawu Ƙarami ke kwana.

Kwanon ɗakin yana yoyo. Damina ɗaya ta wanke takardun da ke jikin jarkokin, aka daina gane wanne ne wanne. Wasu suka kumbura, wasu suka tsage a gindi. Akwai manyan duro na ƙarfe da tsatsa ta ci, wani abu mai kauri yana tsattsafowa daga gindinsu yana bin ƙasa. Warin kamar an kwaɓa ruɓaɓɓiyar tafarnuwa da kananzir. Idan rana ta take, har a tuwo kana jin sa.

A lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Kafanchan, ina zuwa gida ƙarshen mako. Na wuce talatin, ban yi aure ba. Wata Asabar Kawu Babba ya kira ni gindin mangwaro.

"Malama," ya ce, "ke da kika yi boko a kwalejin Gidan Waya, me ake zuba wa abin nan ya mutu?"

Na ji daɗin tambayar, na zauna na yi masa bayani tsakani da Allah. Na ce akwai irin da idan kaɗan ya zube a ƙasa, ana rufe shi da garin katako ko yashi a kwashe, a wanke wurin da farar ƙasa ko sodar sabulu, ƙarfinsa ya karye. Amma wannan sai an san ko wane iri ne, kuma na ɗan abin da ya zube ne, ba na ɗaki guda ba. Mai yawa irin nasa hanya ɗaya na sani. A juye shi a sababbin mazubai masu murfi, waɗanda za su juye su rufe jikinsu ruf, a kai shi inda ake da tanderu na musamman, rufaffe, mai zafi irin na inda ake gasa siminti, wanda ko hayaƙinsa sai an tace kafin a sake shi. Na ce wutar fili ba ta kashe shi, ɗaga shi take yi ta raba wa mutane a hanci, wani lokaci ma ta mai da shi abin da ya fi na farkon muni. Binnewa kuma ajiya ce kawai, ruwan sama zai bi da shi har rijiya.

"Ina tanderun yake?"

"Ba a nan kusa ba, Kawu. Sai an bincika. Zan iya tambaya."

"Wato in ɗauki mota in kai shara yawon buɗe ido." Ya yi dariya, ya karkaɗe rigarsa. "Na ɗauka za ki ce mini ga abu kaza, zuba. Ashe karatun naki bai kawo miji ba, bai kuma kawo dabara ba. Tashi ki je."

Dabararsa ta farko tsohon masai ne. A tsakiyar mako, ba na nan, ya sa Kawu Ƙarami ya tuttule wasu jarkoki a ramin da aka daina amfani da shi. Kyankyasai suka fito kamar an kore su da wuta, suka bazu a tsakar gida suna juyewa a bayansu. Kajin Mama suka bi suna tsinta. Kafin yamma babu kaza ɗaya da ke tsaye. Da Mama ta yi magana, ya ce ai ta gode masa, ya raba ta da kyankyasai. Da na zo na ga hannayen Kawu Ƙarami sun yi ja sun saɓule tsakanin yatsu. Na nuna masa ɗakin, na kaɗa hannu, na ja yatsa a wuyana don ya gane abin kisa ne. Ya gyaɗa kai, ya riga ya sani. Sai ya nuna ɗakin wansa, ya daki bayan wuyansa da tafin hannu, ya ɗaga kafaɗa. Mutum mai furfura a gemu, har lokacin dukan wansa yake tsoro.

Mama ta ce muddin tana gidan ba za a sake sa ƙanenta ya taɓa kayan ba. Kawu Babba bai yi musu ba. Ya jira.

Cikin bazara ne, zafi ya kai inda ya kai, ana jiran ruwan farko. Zumuntar mata ta yi babban taro a Fadan Kagoma ranar wata Asabar, Mama ta tafi tun da safe da ankonta. Ni kuma na taso daga Kafanchan a kan mashin wajen hantsi. Tun daga mararraba na hango hayaƙin. Baƙi ne mai nauyi, gindinsa rawaya, kuma bai tashi sama ba, kwanciya ya yi yana bin gangare yana tsallaka rafi. Mai mashin ya ce wa ke ƙona taya da ranar nan. Na ce ya ƙara wuta.

An haƙa rami a bakin gonar Kawu Ƙarami, an jera tsofaffin tayoyi da itace, an cinna. Kawu Babba yana can nesa, ta inda iska ke fitowa, ya toshe hanci da jiƙaƙƙen hankici, ɗaya hannun cike da tsakuwa. Kawu Ƙarami yana bakin ramin, ba takalmi, singiletinsa ta jiƙe sharkaf da abin da ke zuba daga jarkar da ya saɓa a kafaɗa. Ya tuttula, wutar ta yi tsalle, ya ja da baya yana tari, ya juya zai bar wurin. Tsakuwa ta same shi a gadon baya. Ya waiwaya. Kawu Babba ya nuna masa sauran jarkokin da yatsa, ya nuna wutar.

Na yar da jakata na nufi wurin.

"Tsaya nan," in ji Kawu Babba. "An kusa gamawa."

Na naɗe ɗankwali a hanci na shiga. Idona ya rufe da hawaye. Na kamo hannun Kawu Ƙarami na ja shi, ya biyo ni ba gardama. Ba mu yi nisa ba ya durƙusa. Gumi yana zuba daga jikinsa kamar an kwara masa ruwa, yawu yana dalala, naman fuskarsa da na cinyarsa yana rawa shi kaɗai. Na ɗaga fatar idonsa, na ga baƙin ya tsuke ya koma kamar kan allura. Ƙirjinsa yana ƙara irin ta tukunyar da ke tafasa.

A nan Baffa ya iso. Dattijo ne Bafulatani, rugarsu tana tsallaken rafi tun zamanin kakana, kuma tun muna yara haka muke kiransa. Hayaƙin ne ya sauka a kan garkensa, ya kora shanun zuwa tudu, ya tsallako ya ga ko lafiya. Bai tambayi kowa komai ba. Ya kama kafaɗu, na kama ƙafafu, muka kai shi inuwa. Na yage singiletin, na jawo ruwa a rijiyar gidanmu na kawo can nesa da ita, muka wanke shi da sabulu tun daga kai har tafin ƙafa. Baffa ya ce bari ya aika a kawo madara. Na ce kada a ba shi komai ta baki, zai shaƙe. Ya dube ni, ya ce to.

Kawu Babba ya matso kaɗan, hankicin yana hancinsa.

"Rana ce ta buge shi. Ku ɗura masa manja ya kwanta."

"Kawu, a kai shi asibiti. Ga motarka nan."

"Yana amai. Ya ɓata mini kujera, wa zai wanke?"

Baffa ya ɗago kai ya ce, "Dattijo, ƙanenka ne fa."

"Na fi ka sanin ko wane ne. Ka koma wurin shanunka."

Na kira mai mashin ɗin da ya kawo ni, Allah ya sa bai yi nisa ba. Muka ɗora Kawu Ƙarami a bayansa, Baffa ya warware rawaninsa ya ɗaure su tare a ƙugu, ni kuma na zauna a baya na rungume shi. Haka muka shiga Kafanchan, yawunsa yana bin hannuna, kansa yana dukan kafaɗata a kowane rami. Da muka bar gida na waiwaya, na ga Kawu Babba yana tura sauran itacen cikin ramin da doguwar sanda.

A asibiti likita ya tambaye ni sunan maganin. Na ce babu takarda a jikin ko ɗaya, kuma haɗe-haɗe ne. Ya duba idon, ya saurari ƙirjin, ya ce ya gane dangin abin. Suka yi ta yi masa allura, ɗaya bayan ɗaya, suna sauraron ƙirjin, har ruwan da ke ciki ya fara bushewa. Mama ta iso da ankonta, ta zauna a ƙasa gefen gadon, ta riƙe ƙafarsa. Ni ma na yi amai a bayan ɗakin, kaina kamar zai rabe, wata nas ta sa na cire kayana na yi wanka ta ara mini zane.

Da la'asar Kawu Babba ya zo, ya yi wanka ya sa farar riga, tare da dattawan ikkilisiya biyu. Suka yi addu'a a kan gadon. Da suka gama sai na ji yana gaya wa nas, da murya ƙasa-ƙasa irin ta mai jin kunya, cewa ƙanen nasa sha ya yi.

"Ya daɗe ba ya cikin hankalinsa. Na sa shi ɗan aiki, na juya baya, sai na ga ya kafa kai a jarka."

Na ce, "Kawu, ba haka aka yi ba. Da idona na ga kana jifansa yana zubawa a wuta."

Bai ɗaga murya ba. Ya juyo ya ce, "Kin ga farkon abin?"

"A'a."

"A tsakiya kika zo. To ki faɗi abin da kika gani, ki bar wanda ba ki gani ba."

Dattawan suka dubi juna. Likitan ya ce shi dai abin da ya gani ya fi kama da wanda ya shiga ta fata da numfashi, amma ba zai rantse ba. Wannan 'yar ƙofar da ya bari ita Kawu Babba ya bi ya shige. Kafin a sallamo mu, duk ƙauyen ya ji cewa bebe ya so kashe kansa.

Kawu Ƙarami ya tashi, amma ba duka ba. Bayan 'yan makonni ƙafafunsa suka fara ja, tafin yana faɗuwa idan ya ɗaga, sai ya riƙa tafiya kamar mai tsallake ruwa. Yatsunsa suka ƙi riƙe fartanya. Tari kuma ya zauna masa.

Lahadin farko da ya iya fita, Mama ta riƙe shi suka tafi majami'a a hankali. Ya nufi wurinsa gefen ganga. Wani dattijo ya tare shi, ya kama hannunsa, ya juya da shi, ya bi da shi ta tsakiyar jama'a har bencin ƙarshe na bakin ƙofa, inda waɗanda ke ƙarƙashin horo suke zama. Daga bagade aka sanar cewa an sa ɗan'uwanmu a horo saboda ya ɗaga hannu a kan ran da Allah ya ba shi, ba zai ci Jibin Ubangiji ba sai ya tuba. Shi bai ji ko ɗaya ba. Ya zauna yana duban fuskokin da ke waiwayensa, yana murmushi don ya ɗauka barka da tashi ake yi masa. Da aka fara waƙa ya miƙe zai koma gaba, aka sake zaunar da shi. Sai ya dubi Mama ya juya tafin hannunsa sama, alamar me ya faru.

A gida Mama ta yi masa bayani. Ban san yadda ta iya ba. Na ga ta yi alamar sha, ta nuna shi, ta nuna ɗakin wansu, ta yi alamar baki yana magana. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya girgiza kai da ƙarfi, ya yi alamar jarka a kafaɗa, ya yi alamar zubawa, ya daki bayansa inda tsakuwa ke sauka. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, yana wani sauti a maƙogwaro da ban taɓa jin ya yi ba.

Na nemi ganin dattawa, suka ba ni rana. Kawu Babba yana cikinsu, a kujerarsa. Na faɗi abin da na gani. Na ce ga mai abin nan, a bar shi ya nuna da hannunsa, Mama ta fassara. Suka ce 'yar'uwarsa ce, abin da take so shi za ta ce ya ce. Na ce akwai Baffa. Faston sabo ne a wurin, matashi, ya fara gyaɗa kai kamar zai yarda, sai wani dattijo ya ce maganar ikkilisiya ba a kawo na waje cikinta. Kawu Babba ya ce shi ya yafe mini, ya san zaman kaɗaici yana sa mace ɗacin rai, a sa ni a addu'a. Aka sa ni a addu'a a take, ina zaune, hannun wani a kaina.

Daga baya na ji cewa Kawu Babba ya riga ya tsallaka rafi ya sami Baffa. Ya ce masa zamani ya lalace, mutane a kusa suke, kalma ɗaya ta isa a ce shanu sun shiga gonar wani, kuma shi ba ya so ya ga an tashi rugar da ta daɗe. Da na haɗu da Baffa a hanya ya gaishe ni, ya tambayi mai jiki, ya ce, "Malama, ina da jikoki a wurin nan." Na ce na sani, Baffa. Na mayar masa da rawaninsa da na wanke.

Wutar ba ta cinye ko rabin kayan ba. Da ruwan farko ya sauka ƙasa ta yi laushi, Kawu Babba ya ɗauko 'yan ƙwadago daga wani gari, waɗanda ba su san komai ba, ya ce musu tsohon fenti ne. Yana da gonaki har uku a lokacin, amma a tsakiyar gonar Kawu Ƙarami ya sa aka haƙa, inda gwaza ta fi yi. Suka gangara da duro-duron, suka watsa jarkokin a kai, suka kwashe tokar ramin farko suka zuba, suka rufe. Kawu Ƙarami ya ja ƙafa da sandarsa har bakin gonar, ya tsaya yana kallo. Mama ta ce wa wanta me ya sa nan. Ya ce mai gonar ba zai sake noma ba, to ƙasar ta yi wani amfani.

Na kai maganar wani ofishi a Kafanchan. Mutum biyu suka zo, kuma ban ga laifinsu ba. Suka zagaya wurin, suka ce abin da na riga na sani, cewa tonowa ba tare da kayan kariya da inda za a kai ba ya fi barinsa haɗari, su kuma ba su da ko ɗaya. Suka ce kada a shuka komai a wurin, kada a haƙa rijiya a gangaren. Suka kafa allo mai jan rubutu. Allon bai kwana biyu ba, na gan shi an mai da shi murfin akurkin kajin Kawu Babba.

Kawu Ƙarami bai sake taka majami'a ba. Ranar Lahadi sai ya zauna a ƙofar ɗakinsa yana kallon masu wucewa. Dattawa suka ce ƙin zuwansa ya nuna bai tuba ba, horon ya ci gaba. A damina ta biyu sanyi ya shiga ƙirjin, muka sake kai shi asibiti, bai dawo ba.

Kawu Babba ne ya yi jawabin iyali a wurin jana'iza. Ya ce tun rasuwar iyayensu shi ne uwa shi ne uba ga marigayin, bai taɓa barinsa ya kwana da yunwa ba. Ya share ido. Ya roƙi jama'a su taya shi roƙon Allah ya gafarta wa ƙanensa abin da ya yi wa kansa, domin ba ya cikin hayyacinsa. Jama'a suka ce amin. Mama ta miƙe a tsakiyar jawabin, ta bi ta gaban akwatin, ta fita. Ban taɓa ganin ta fita daga sujada ba a gama ba. A makon ta tattara kayanta ta biyo ni Kafanchan, kuma a ɗakina take har yau.

Bara na ji Kawu Babba ya sayar da gonar Kawu Ƙarami. Wani ma'aikaci ne da ya yi ritaya ya saya, ba ɗan yankinmu ba, yana so ya gina gidan da zai ƙare rayuwarsa a ciki. Kafin labarin ya iso ni har an yi ɗakuna biyu an haƙa rijiya, a gangaren, ƙasa da inda aka binne kayan. Na hau mashin na tafi.

Na same shi yana ba 'yan shukokin barkono ruwa, matarsa tana wanke-wanke. Na gaishe su, na faɗi ko ni wace ce. Ya ajiye bokitin ya ce, "Ke ce Malamar."

"Ni ce, Baba."

"Dattijo ya gaya mini za ki zo. Ya ce in kin zo in karɓe ki hannu biyu, in ba ki ruwa, kada in yi miki gardama, domin tun rasuwar kawunki kanki bai zauna daidai ba."

Duk da haka na faɗa masa. Na gaya masa abin da ke ƙarƙashin ƙasarsa, da yadda ya shiga, da abin da ya yi wa mutumin da ya taɓa shi. Na ce ƙarfe yana ruɓewa, roba tana tsagewa, ba lallai bana ba, ba lallai baɗi ba, kuma ba kullum ruwa ke canja ɗanɗano ba. Na roƙe shi ya kai ruwan a gwada. Ya saurare ni har ƙarshe da haƙuri, irin haƙurin da ake yi wa mara lafiya. Sannan ya jefa guga, ya jawo, ya cika moɗa, ya shanye a gabana. Ya ce ruwan ya fi na famfon da ya sha shekara da shekaru a birni daɗi. Ya ce in gaida Mama.

Matar ce ta raka ni. Sai da muka kai bakin hanya, inda mijin ba zai ji ba, sannan ta yi magana.

"'Yata, ta wane gefe ne?"

Na nuna mata. Wurin a fili yake, ƙasar ta ɗan lotsa, ciyawar kanta gajera ce mai launin toka.

"Na lura kaji ba sa tono a wurin," ta ce. Ta gyara ɗaurin zanenta ta koma.

Wata 'yar ƙauyenmu da ke kawo doya kasuwar Kafanchan ta ce mini yanzu kullum da safe ana ganin matar da jarka a ka, tana zuwa famfon burtsatse na bakin titi, tafiya mai nisa ga mai shekarunta. Da shi take girki, shi take ba jikokinsu idan sun zo hutu. Mijin yana mata faɗa a kan wahalar banza, kuma shi daga rijiyarsa yake sha.